Shirya Ɗalibai Domin Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu: Matsayin Littafin Jagora

An kafa hukumar JAMB a shekarar 1978 domin tace masu neman shiga jami'o'in Nijeriya, daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. A 2010 aka haɗe jarrabawowinta suka koma guda ɗaya mai suna UTME, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ɗalibi yakan ɗauki darussa huɗu, Ingilishi dole ne a cikinsu, jimillar maki kuwa 400 ne. Ɗan Kurfi ko Birchi da ke hangen Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, sai ya bi ta wannan ƙofa.

Abin da ake kira littafin jagora iri biyu ne, kuma ɗalibai sukan cakuɗa su. Akwai manhajar da hukumar kanta ke fitarwa, wadda ta zayyana batutuwan kowane darasi da littattafan da aka zaɓa. A darasin Hausa ta kasa nazarin gida uku: harshe da al'adu da adabi. Sai kuma littattafan tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, waɗanda 'yan kasuwa ke bugawa. Ɗalibai sun fi rungumar na biyun, domin haddar amsa ta fi karatu sauƙi.

A nan ne gizo ke saƙa. Littattafan adabin da hukumar ke zaɓa ana sauya su bayan 'yan shekaru, saboda haka ɗalibin da ya duƙufa kan tsofaffin tambayoyi zai iya ƙare damina yana nome gonar da ba tasa ba. Haka kuma ba kowace amsa da aka buga a bayan irin waɗannan littattafai ce daidai ba, wasu kuskuren ɗab'i ne, wasu kuwa na mai tattarawa. Aikin malami shi ne ya ɗora manhaja a gaba, ya koyar da batu, sannan ya ɗauko tambayoyin baya ya auna fahimta da su. Idan ɗalibi ya zaɓi amsa, a tambaye shi dalilin da ya sa sauran ukun ba su dace ba.

Malamin Hausa a wannan yanki yana da ƙarin nauyi, wato karin harshe. Jarrabawar da Daidaitacciyar Hausa ake shirya ta, alhali yaron da ya tashi a Kurfi da Katsinanci ya buɗe baki. Zai ce "biyal" da "hwari" inda ake son "biyar" da "fari". Ba laifi ba ne a magana, amma a tambayar ƙa'idojin rubutu kunnensa zai iya kai shi ga amsar da ba ita ba, shi kuwa yana ganin ai harshen uwarsa ne, bai buƙatar bita. Da yawa wannan ganganci ke kayarwa.

Saura lokaci. Tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, ke nan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Littafin jagora ba ya koyar da wannan. Sai malami ya riƙa gwaji da agogo a hannu, ya kuma nema wa ɗaliban ƙauye damar taɓa kwamfuta a Dutsin-Ma ko Katsina, ko su shiga jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta ainihi.