Giginyar Dallol Mawuri: Dukiyar da Ake Cinyewa Tun Tana Muruci

Tsibirin Madagaska ya yi suna a duniya saboda halittun da babu su a ko'ina sai can. Daga cikin nau'o'in kuka takwas da masana suka sani, shida a can kaɗai suke tsirowa, domin teku ta killace ƙasar tun zamani mai nisa. Mu a jihar Dosso ba mu da teku, amma Allah bai bar mu hannu rabbana ba.

Raƙumin dawa mai hasken fata, wanda a da yake yawo tun daga Senegal har tafkin Chadi, yau a Nijar kaɗai ya rage, a dajin Kure da kewayen Dallol Boso. A 1996 guda 49 aka ƙidaya. Da aka hana farautarsa, aka kuma sa mutanen ƙauyuka suna ganin amfanin zamansa, sai ya haura 600, har aka kai takwas Gadabeji ta jihar Maradi a 2018. Raƙumin dawa ya samu masu kuka dominsa. Wadda ba ta samu kamar haka ba ita ce giginya.

Wanda ya taso daga Zabori ya gangara kudu ta Yelu da Bana da Bengu ya nufi Gaya, ya san kurmin da nake nufi. Giginya tana fitowa a ƙasashen Afirka da dama, amma a Nijar babu inda ta taru kamar nan. Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙasa: Dallol Mawuri tsohuwar hanyar kogi ce da ta ƙafe, ruwa yana nan kusa, saiwa ba ta wahalar cim masa. Saboda wannan danshi ne aka sanya kwarin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2004.

Hausawa kan ce inuwar giginya na nesa ka sha. A nan maganar ta tabbata, domin azararta, wadda gara ba ta ci da sauƙi, ta daɗe tana rufe soraye a garuruwa masu nisa. Masu sara sun fi son tsohon namiji saboda taurinsa. Giginya kuwa jinsi biyu ce, namiji daban, mace daban, kuma idan namiji ya yi ƙaranci mace ba za ta yi 'ya'ya yadda ya kamata ba.

Sai muruci. Ana tsince ƙwallon, a binne, bayan wasu watanni a tono tsiron a dafa a kai kasuwa. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da gidaje, musamman mata, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina. Sai dai kowane muruci giginya ce da ba za ta tashi ba. Wadda ta tsira ma tana shafe shekaru tana ganye a ƙasa kafin ta yi gangar jiki, a lokacin kuwa ga dabbobi, ga gobarar daji, ga garma. Shi ya sa za ka ratsa gona cike da dogayen giginyu ka rasa ƙarama ko ɗaya. Abin tsoron ke nan, domin daga nesa kurmin yana nan lafiya lau.

Doka ta hana saran giginya ba izini, kuma a shekarun 1990, da tallafin Suwizilan, an fara danƙa kula da kurmin a hannun kwamitocin ƙauyuka. Hanyar ta yi daidai, amma doka ba ta shuka itace. Ya kamata hakimai da magadan gari na wannan kwari su tsayar da ƙa'ida: duk mai binne ƙwallo don muruci ya bar wani kaso ya girma, kowane manomi kuma ya kare ƙananan da suka fito a gonarsa, tun daga daminar bana.