Makarantun Kuɗi da na Al'umma a Katsina: Ɗaukar Malami da Sauƙi, Riƙe Shi Ne Aiki

Wanda ya tsaya a bakin titin Ƙofar Ƙaura da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga kayan makaranta kala-kala sun fi goma kafin ya gama shan kofin shayi. Keke Napep na wucewa maƙil da yara, wasu da ruwan toka, wasu da kore, 'yan mata da hijabi mai tambarin makarantarsu. Akasarin waɗannan makarantu ba gwamnati ta gina su ba. Wasu na 'yan kasuwa ne, wasu na ƙungiyoyin addini, wasu kuma Islamiyyar unguwa ce ta yi girma har ta haɗa da boko.

Dalilan yawaitarsu ba a ɓoye suke ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 birnin ke faɗaɗa bayan ganuwa, ma'aikata na ƙaruwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tura yara makarantun gwamnati fiye da yadda azuzuwa da malamai za su iya ɗauka, sai mai ɗan hali ya fara neman inda ɗansa zai samu kujera da malamin da ya san sunansa. Daga baya matsalar 'yan bindiga ta kwararo da iyalai daga Batsari, Jibiya da Safana zuwa cikin gari. Sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020, inda aka sako 344 bayan kusan mako guda, ya sa iyaye da dama suka yanke ƙauna da makarantar kwana, suka koma neman ta jeka-ka-dawo kusa da gida. Ga kuma uban da ke son ɗansa ya haddace Alƙur'ani ya kuma ci jarabawar WAEC a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Abin da ya bambanta waɗannan makarantu da na gwamnati shi ne ikon da ke hannun shugabansu. Firinsifal na gwamnati ba shi ke zaɓar malamansa ba. Ma'aikata ke turo masa, ita ke ɗauke su. Mai makarantar kuɗi kuwa yana iya ɗaukar malami yau Litinin, ya sallame shi ranar Juma'a.

Amurkawa sun daɗe suna gwada irin wannan 'yanci da kuɗin gwamnati. A 1991 jihar Minnesota ta yi dokar makarantun yarjejeniya, waɗanda suke kira cata: gwamnati ce ke biyan kuɗin karatun yaro, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke gudanar da makarantar, bisa sharaɗin in ba ta taɓuka komai ba a karɓe izinin. Ta farko ta buɗe a birnin St. Paul a 1992. Sakamakon farko bai burge kowa ba. Binciken da wata cibiya ta Jami'ar Stanford ta fitar a 2009 ya nuna kashi 17 cikin ɗari ne kawai na makarantun suka fi takwarorinsu na gwamnati a darasin lissafi, kashi 37 kuma sun gaza su. Sai a rahoton 2023 na cibiyar aka ga ɗalibansu sun ɗan yi gaba a karatu da lissafi, kuma fifikon ya fi fitowa a makarantun da ke ƙarƙashin ƙungiyoyi masu rassa da yawa. Irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar KIPP da wasu malamai biyu suka fara a Houston a 1994, sun yi suna wajen horar da shugabannin makarantu kafin a damƙa masu aiki, da kuma al'adar shugaba ya riƙa shiga aji a kai a kai, ya zauna 'yan mintoci, sannan ya keɓe da malami ya nuna masa abu guda da zai gyara. Duk da haka ciwonsu bai warke ba: malamai na barin makarantun yarjejeniya fiye da yadda suke barin na gwamnati.

Wannan ciwo shi ne na Katsina, sai dai nan ya fi zurfi, domin babu asusun gwamnati a bayan makarantar. Albashin malami daga kuɗin makaranta yake fitowa, kuɗin makaranta kuma daga aljihun uban da janye tallafin mai na watan Mayun 2023 ya girgiza. An sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma a ƙananan makarantun unguwa da yawa malami bai kai nan ba, wasu ma ba a biyan su watannin hutu. Saboda haka matashin da ya gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana shiga makarantar kuɗi ne da ƙafa ɗaya a waje. Malaman da kansu suna kiran aikin da “kafin a samu”. Lokacin da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 ta hanyar jarabawa a 2023, alheri ne babba ga makarantun gwamnati. Amma wanda ya fi iya cin irin wannan jarabawa shi ne wanda alli bai bar hannunsa ba, kuma ba mai makarantar da zai iya gogayya da aiki mai fansho.

Illar tana sauka a kan yaro. Ajin da ya ga malaman lissafi uku a shekara guda ba ya gama manhaja. Kowane sabon malami na farawa daga inda ya ga dama. A cike giɓin da ɗan bautar ƙasa, shi ma bayan shekara ya haɗa jakarsa. Idan jarabawa ta ƙarato, makarantar da ta yi wa iyaye alkawarin sakamako amma ba ta da malaman da za su samar da shi, tana gab da faɗawa tarkon satar amsa.

Makarantun da suka tsira daga wannan juyi ba lallai ne su fi kowa tsada ba. Abin da ake yawan gani a cikinsu shi ne an raba jakar kuɗi da aji. Mai makaranta na kula da gini da kuɗin shiga, hedimasta ƙwararre na kula da koyarwa, kuma ba a tsallake shi a cusa ƙanen matar maigida a ajin kimiyya don yana zaman banza. Nan ne shugabanci ya fi wuya a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, inda cewa “a'a” ga dattijon da ya kawo takardun ɗansa na iya zama abin magana a wurin ɗaurin aure. Haka nan albashi, ko kaɗan ne, yana fita ranar da aka ce. Ana ware wa malami sa'ar shirya darasi a cikin jadawali. Ana gyara masa kuskure a ofis, ba a gaban ɗalibai ko uban yaro ba. Malamin Ƙur'ani da na Turanci na zama taro ɗaya, maimakon a mai da ɗayansu ɗan bora. Ban da albashin, sauran duk ba sa cin ko sisi.

Katsina ta taɓa ganin abin da ƙaramar tawagar malamai ke iya yi. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, an kafa ta ne musamman don horar da malamai, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, dukansu suka fara riƙe alli kafin siyasa. Kwatancen yana da iyaka, tunda ɗalibanta 'yan ƙalilan ne zaɓaɓɓu daga larduna. Misalin ƙoƙarin al'umma da ya fi kusa da yau shi ne Jami'ar Al-Qalam, wadda al'umma ta kafa a 2005 ba tare da jiran gwamnati ba.

Ita ma gwamnati ta ɗan matso kusa da tsarin raba iko. Kwamitocin gudanar da makarantu, masu haɗa iyaye da malamai da masu unguwa, sun samu ƙarfi a shirin AGILE na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, kuma ta hannun kwamitocin ake kashe kuɗin gyaran makarantu. Sai dai ikonsu a kan siminti da kwano ya tsaya, bai kai ga zaɓar malami ba. A ɗaya ɓangaren, a watan Agustan 2025 gwamnatin jiha ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu da na al'umma, ta ce kowa ya sake rajista. Mai duba makaranta zai iya ƙirga azuzuwa da banɗakuna da takardun shaidar malamai a yini guda. Tambayar da ta fi nuna lafiyar makaranta ita ce malamai nawa ne cikin na bara suka dawo aji a zangon farko na bana, kuma amsarta na nan a rajistar sa hannun malamai da ke kan teburin kowane hedimasta.