Kalmasar Gindin Kwanso: Ilimin Harsashi da Matsayinsa a Jalingo

Harsashin zamani abubuwa huɗu ne a haɗe: kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa, wato gamin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, albarushin da ke cikinsa, kan dalma mai fita idan an harba, sai kuma 'yar hular wuta da ke zaune cikin wani ƙaramin gurbi a gindin kwanson, wadda allurar bindiga ke duka ta ba da tartsatsin da zai kunna albarushin. Da zarar an ja kunama uku daga cikinsu sun gama aiki, kwanso ne kaɗai ke saura, kuma da yake shi ne mafi tsadar ƙira, sai maharba a ƙasashe irin su Amurka, inda doka ta yarda, suka mayar da sake ɗura shi wata sana'ar hannu mai kayan aikinta da ƙa'idojinta.

Abin da ya fi ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya shi ne kwanson da aka ƙera domin soja. Masana'antu irin su ta Lake City da ke Jihar Missouri, bayan sun zaunar da hular wuta a gurbinta, sukan danne bakin gurbin ya ɗan rufo kanta, kamar yadda tela ke kalmasa bakin zane don kada ya zare. Dalili kuwa shi ne bindiga mai sarrafa kanta tana aiki cikin zafi da jijjiga, kuma idan hula ta suɓuce ta faɗa cikin kayan kunama, bindigar na iya cijewa a daidai lokacin da ran soja ya rataya a kanta. Wanda ya juya irin wannan kwanso ya dubi gindinsa cikin haske zai ga wani siririn zobe kewaye da hular, ko kuma 'yan tabo uku ko huɗu kamar an dangwala da bakin ƙusa. Tsohuwar hula takan fita da ɗan ƙarfi, amma sabuwa ba ta shiga sai an kawar da kalmasar, kuma tilasta mata na iya murƙushe ta ko ya sa ta tashi a hannun mai aikin.

Kayan kawar da kalmasa iri biyu ne, kuma duk maƙerin da ya san bambancin magagari da masaba ya riga ya fahimci lamarin. Na farko mai yanka ne, ɗan ƙarfe mai kaifi da ake murzawa a bakin gurbin ya kankare abin da ya rufo. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady suna yin sa, yana da araha, kuma ya wadatar da mai kwanso kaɗan. Na biyu mai turawa ne, wanda ba ya cire komai, illa dai ya danna tagullar ta koma inda ta fito, kuma sanannen misalinsa shi ne Super Swage 600 na kamfanin Dillon. Mai turawa ya fi tsada, yana kuma buƙatar a sake daidaita shi duk lokacin da kaurin gindin kwanso ya canza daga wata masana'anta zuwa wata, amma ya fi dacewa da mai aiki da yawa, kuma hankali ya fi kwanciya da shi, domin tagullar da aka yanke ba ta dawowa, gurbin da hannu ya zarce wajen kankararsa kuwa ba zai ƙara riƙe hula da kyau ba, kuma iskar wuta na iya tsiyayowa ta nan zuwa fuskar mai harbi.

Sai dai duk wannan bayani ya shafi kwanso mai hular Boxer ne, wadda wani hafsan Ingila, Edward Boxer, ya ƙirƙiro a 1866, wadda kwansonta ke da ƙofar da tartsatsi ke bi guda ɗaya a tsakiya. A shekarar ce kuma Ba'amurke Hiram Berdan ya fito da tasa, wadda kwansonta ke da ƙananan ƙofofi biyu a gefe, kuma cire ta ke da wuya ƙwarai. Haska tocila cikin bakin kwanso ya isa a bambance su. Yawancin harsasan bindigar AK-47, waɗanda kwansonsu ya fi yawan zuba a wuraren da rikici ya shafa a Arewa, na Berdan ne, kuma da baƙin ƙarfe aka yi kwanson, an shafe shi da fenti ko ruwan jan ƙarfe, don haka ko a Amurka ba kasafai ake wahalar sake ɗura su ba.

Ita kuwa Jalingo ta san tasirin bindigar zamani tun kafuwarta. A 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya sami taimakon wani hafsan Faransa, Louis Mizon, da makamansa wajen yaƙar garin Kona, kuma a 1893 aka kafa Jalingo, wadda ta zama fadar masarautar, daga baya kuma babban birnin Taraba da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Duk da haka bindigar da maharbin karkara ya gada ita ce ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, ba ta da kwanso balle kalmasa. Dokar Makamai ta 1959 ta bambanta su: bindigar ɗuri ta baki Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da lasisinta, ta farauta mai harsashi tana hannun Sufeto Janar, ta yaƙi kuwa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar ta kuma hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi ba da izini ba, aikin da ƙasa ta ɗora wa masana'antar tsaro ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda haka abin da yake halal a ɗakin maharbin Amurka laifi ne mai kai mutum kurkuku a Jalingo, kuma a jihar da ta sha jinin rikicin ƙabilanci da na manoma da makiyaya da masu garkuwa da mutane, wannan hani yana bisa hujja.

Inda ilimin gindin kwanso ke da amfani na gaske ga mutumin Taraba shi ne wajen yara masu tsince-tsince da 'yan jari-bola masu sayen tagulla a kan sikeli. Hular da allura ta doka tana da ɗan loɓawa a tsakiya, amma loɓawar ba ta tabbatar da cewa harsashin ya mutu ba, domin wanda aka ja wa kunama ya ƙi tashi ma yana ɗauke da ita, alhali albarushinsa na nan. Duk harsashin da kansa ke manne da kwanso a ɗauka mai rai ne, ko da ya yi tsatsa a gona, kuma idan ya shiga wutar mai narka ƙarfe ko ya sha guduma zai iya fashewa ya watsa tarkace a ido da hannu. Wanda ya tsinci irinsa, abin da ya kamata shi ne ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.