Masu Ƙera Makaman Tatsuniya: Bindigar Da Ba Ta Harbi, Takobin Da Ba Ya Sara

A ƙasashen Turai da Amurka da Jafan akwai waɗansu mutane da ke da wata irin sha'awa mai ban mamaki. Za ka ga magidanci da hankalinsa, ya taso daga wurin aiki, ya shige ɗakin ajiya, ya kwashe wata uku ko huɗu yana fiƙe katako da yankan roba, ba don komai ba sai don ya ƙera wata bindiga da ya gani a silima, wadda ba a taɓa yin irinta a duniya ba, kuma ko ya gama ba za ta iya kashe ko da ƙadangare ba. Ran da ya kammala sai ya sa tufafi irin na jarumin fim ɗin, ya rataya makaminsa, ya nufi taron masu irin wannan sha'awa. Al'adar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1939 aka ga Forrest Ackerman da Myrtle Douglas sun halarci babban taron masu son labaran ƙagen kimiyya a birnin New York cikin shigar mutanen wani zamani mai zuwa.

To, wannan aiki yana da fuska biyu, kuma duk wanda ya kula da ɗaya ya bar ɗaya ya yi sake. Ana so makamin ya ruɗi idon mai kallo, amma ba a so ya ruɗi idon ɗan sanda.

ASALIN ABIN DAGA BOLA NE

Yawancin makaman da ake wahalar kwaikwayo a yau daga tarkace aka haɗa su. A shekarar 1976, lokacin da George Lucas ke shirya fim ɗinsa na Star Wars a Ingila, kuɗin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba in an gwada da girman aikin. Mutumin da aka ɗora wa nauyin ƙawata wuraren ɗaukar hoto, watau Roger Christian, sai ya shiga sayen ragowar matattun jiragen sama da tsofaffin injuna, yana cire abin da ya yi masa kyau yana liƙawa.

Shahararren takobin hasken nan na Luke Skywalker ma haka ya samu. A wani kantin kayan hoto a birnin Landan Christian ya tsinci mariƙin fitilar kyamara ƙirar Graflex, irin wadda 'yan jarida ke walƙawa a wajejen 1940. Ya manna masa waɗansu baƙaƙen tsirkiyoyi guda 7 a gindi domin riƙo, ya ɗauko ɗan gilashin da ke kan lambobin wata tsohuwar na'urar lissafi ya saka a tsakiya, ya sa zobe na ratayawa a ɗamara, shi ke nan takobi ya tashi. Bindigar Han Solo kuwa tsohuwar ƙaramar bindigar Jamus ce ƙirar Mauser ta 1896, aka ɗaura mata madubin hangen nesa, aka kuma sa mata wani ƙarfe mai faɗin baki a gaba. Ta sojojin nan masu fararen sulke, ita kuma bindigar Sterling ce da sojan Ingila suka daɗe suna riƙewa, aka yi mata ƙare-ƙare. Fim ɗin ya fito a watan Mayu na 1977, kuma a 1978 Christian da abokan aikinsa suka sami lambar yabo ta Oscar saboda wannan aiki.

Abin da aka haɗa da gam saboda rashin kuɗi, yau ya fi ƙarfin talaka. A watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon bindigar Han Solo a Amurka a kan dala 1,057,500. Kafin nan, a 2009, an sayar da ta fim ɗin Blade Runner na 1982 a kan dala 270,000. Hatta mariƙin Graflex ɗin nan da a dā ake zubarwa ya yi tsada, har masu tara tsofaffin kyamarori suna kukan cewa masu takobi sun kwashe musu kaya. Saboda haka mai sha'awa wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, ba shi da wata hanya sai ya ƙera nasa daga farko har ƙarshe.

YADDA AKE ƘERAWA

Aikin ba da zarto ake fara shi ba, da ido ake farawa. Maƙerin zai tattara hotunan makamin ta kowace kusurwa, ya tsai da fim ɗin a kan kowane wuri da aka nuno shi, sa'an nan ya nemi wani abu guda a ciki wanda ya san ainihin girmansa domin ya auna sauran da shi. Alal misali, an san bindigar Sterling in an naɗe gindinta tsawonta wajen santimita 48 ne, an kuma san faɗin bututun Graflex inci ɗaya da rabi ne. Wannan awo na biyu ya yi wa talakawa rana, domin daidai yake da faɗin wani bututu mai ƙyalli da masu aikin famfo ke sawa a ƙarƙashin kwanon wanke hannu, kuma da shi mutane da dama suka yi takobinsu na farko.

In awo ya daidaita sai a zana makamin a takarda daidai girmansa, a yanke zanen gunduwa-gunduwa, a ɗora kowace gunduwa a kan abin da za a yanka. Masu son abu mai nauyi a hannu sukan yi gangar jikin da allon garin katako da aka matse, su jera shi fale uku ko huɗu su manne. Masu son marar nauyi kuwa sukan yi amfani da soso irin wanda ake yin silifa da shi, domin yana yankuwa da reza, yana lanƙwasuwa in ya ji zafi, yana kuma kama gam irin na masu gyaran takalma. Bakin bindigar bututun roba ne na famfo. Sauran ƙananan tarkace da ke sa abu ya yi kama da na'ura ta gaske, daga murfin kwalba ne, da maɓallin tsohuwar rediyo, da bututun biro, da noti da kusoshi. Duk wanda ya taɓa ganin yaranmu suna haɗa mota da kara da gwangwanin madara da tsohon silifa, ya riga ya ga tushen wannan fasaha.

Daga nan sai aikin da ke raba gwani da ɗan koyo, watau shafe kafa da gogewa. Ana cike duk wani tsagi da irin ƙullun da masu gyaran jikin mota ke shafawa, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai kaushi, a koma mai laushi, a fesa fentin share fage, in an ga tabo a sake komawa baya. Wannan zagaye ana iya yinsa sau biyar ko fiye, kuma wajibi ne a rufe hanci da baki, domin ƙurar allon nan da tururin fenti suna yi wa huhu lahani.

Fenti shi ne ƙarshe, kuma a nan ne katako ke zama ƙarfe. Bayan an fesa baƙi, sai a goga garin bakin fensir a kai da tsumma, nan take ya ɗauki ƙyalli irin na ƙarfen bindiga. Sa'an nan a tsoma buroshi a fenti ruwan azurfa, a share shi har ya kusa bushewa, a riƙa shafar gefe-gefe inda hannu da kube za su cinye fenti in da makamin ya sha aiki. A ƙarshe a kwarara tsinkakken fenti baƙi ko ƙasa-ƙasa cikin lunguna a goge, ya bar alamar maiƙo da datti. Dalili kuwa shi ne, Lucas ya nace a kan kayan fim ɗinsa su fito kamar an daɗe ana amfani da su, don haka makamin da ya fito sumul kamar daga kanti, masana sukan ce bai yi ba. A zamanin nan akwai injin da ke ƙera abu da roba kai tsaye daga zanen kwamfuta, ya kuma rage wahalar yanka ƙwarai, amma bai ɗauke wa kowa gogewa da fenti ba.

Ba ƙaramin bin diddigi ake yi ba a wannan fage. Ƙungiyar 501st Legion, wadda Albin Johnson ya kafa a Amurka a 1997, tana da 'ya'ya fiye da dubu 10 a ƙasashe da dama, tana kuma da rubutattun ƙa'idoji na yadda kowace shiga za ta kasance kafin a karɓi mutum. A cikin masu wannan sha'awa har akwai waɗanda za su gaya maka cewa tsirkiyoyin takobin Luke 7 ne a fim na farko, amma 6 ne a na biyu na 1980. 'Ya'yan ƙungiyar sukan sa shigarsu su ziyarci yara marasa lafiya a asibitoci, su kuma tara kuɗin taimako.

INDA GIZO KE SAƘA

Tun da yake asalin waɗannan bindigogi na gaske ne aka yi wa ado, duk yadda maƙeri ya ƙware haka abinsa zai ƙara kama da makamin kisa in an hango shi daga nesa. Ɗan sandan da ke tsaye da magariba ba shi da lokacin tantance Sterling ta soja da Sterling ta soso. Shi ya sa tun 1988 dokar Amurka ta tilasta wa masu yin bindigogin wasa na sayarwa su sa musu alama ruwan lemo mai haske a baki. Ingila ma a 2006 ta kafa dokar da ta taƙaita ƙerawa da sayar da bindigar ƙarya mai kama da ta gaske.

Ba a banza aka yi waɗannan dokoki ba. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice yana wasa da bindigar wasa wadda alamar bakinta ta cire. Nasa ba kayan shigar fim ba ne, amma darasin ɗaya ne. Haka kuma a watan Mayu na 2017 aka kama wani mutum ya shiga taron masu shigar kwaikwayo a birnin Phoenix ɗauke da bindigogin gaske, abin da ya sa masu taron suka hana shiga da kowane irin makamin kwaikwayo har aka tashi. A yau manyan tarurruka irin wannan sukan kafa teburin bincike a bakin ƙofa, a duba kowane makami, a tabbatar ba ya harba komai kuma ba shi da kaifi, a ɗaura masa alama kafin a bar shi ya wuce.

Wannan magana ta shafe mu, domin sha'awar ta riga ta iso gida. Tun 2012 ake yin taron Lagos Comic Con, inda samari da 'yan mata ke fitowa cikin shigar jaruman silima da na littattafan zane. A ƙasar da matafiyi ke cin karo da shingen bincike a kan manyan hanyoyi, kuma jama'a ke cikin ɗar-ɗar saboda 'yan fashi, wanda ya fito titi da abu mai kama da bindiga yana wasa da ransa ne. Shawarar da ta dace ita ce, mai son wannan aiki ya zaɓi takobin haske ko wani makami mai siffar da ba ta yi kama da na soja ba. In kuwa bindigar ce lallai, ya toshe bakinta, ya sa mata launi mai haske, ya ɗauke ta a cikin rufaffen kwali, kada ya fito da ita sai ya shiga zauren taro, kada kuma ya nuna kowa da ita ko da wasa.

Gwanin gaske a wannan sana'a shi ne wanda aikinsa ya sa masu kallo suka riƙe baki a cikin zaure, sa'an nan ya naɗe kayansa ya koma gida lafiya. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.