Labarin Kujerar da Gwamna Ya Kai Kasuwa a Jihar Ilinoi

A ƙasar Amurka akwai wata Majalisa da a ke kira ta Dattawa, wakilanta ɗari ne cif, kowace Jiha tana aika mutum biyu, kowane kuwa shekara shida ya ke yi bisa kujera. Ran 4 ga Nuwamba, 2008, mutanen ƙasar suka zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan dattawa, wato Barack Obama na Jihar Ilinoi, ya zama Shugaban Ƙasa. Ran 16 ga watan ya ajiye kujerarsa, alhali da sauran shekara biyu da 'yan makonni wa'adinta bai cika ba. A nan ne rigima ta samo tushe.

Asalin dokar cike gurbi shi ne wannan. A da, majalisun Jihohi su ke zaɓen dattawa, talakawa ba su da ta cewa. Rashawa ta yi yawa cikin wannan hanya, har a Ilinoi ɗin kanta wata jarida mai suna Chicago Tribune ta buga a 1910 cewa wani wakili ya amsa da bakinsa an ba shi kuɗi domin ya zaɓi William Lorimer. A 1912 Majalisar Dattawa ta soke zaɓen Lorimer, ta sallame shi. A 1913 aka yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na 17, zaɓe ya koma hannun jama'a. Amma gyaran ya bar wata 'yar ƙofa: idan kujera ta zama ba kowa a tsakiyar wa'adi, majalisar Jiha tana iya ba Gwamna izini ya naɗa wani ya riƙe kafin a yi zaɓe. Dokar Ilinoi ta ba Gwamnanta wannan izini, ba ta kuwa gindaya masa sharaɗin ya shawarci kowa ba.

Gwamnan lokacin Rod Blagojevich ne, ɗan jam'iyyar Dimokurat, jam'iyya ɗaya da Obama. Abin da bai sani ba shi ne, ma'aikatan bincike na Gwamnatin Tarayya sun sami izinin alƙali suna sauraron wayarsa. Suka ji shi yana cewa wannan kujera zinariya ce ta faɗo hannunsa, ba zai kuwa bayar da ita a banza ba. Yau ya yi lissafin a ba shi muƙamin minista, gobe a sama wa matarsa aiki mai tsoka, jibi a tara masa kuɗin yaƙin zaɓe, in duk ya faskara ya naɗa kansa. Da asubahin ran 9 ga Disamba aka buga masa ƙofa a gidansa na birnin Shikago, aka sa masa ankwa.

Cikin takardar tuhuma akwai wani babi wanda masu ba da labarin nan su kan tsallake, alhali ya shafi aikin jarida kai tsaye. Marubutan ra'ayi na Chicago Tribune sun daɗe suna sukar Gwamna, har suna kira a tsige shi. Kamfanin da ya mallaki jaridar kuwa bashi ya yi masa katutu, yana neman taimakon Jiha wajen sayar da wani filin wasa nasa mai suna Wrigley Field. Sai Gwamna ya aika babban hadiminsa da saƙo cewa taimako yana nan, amma a kori marubutan nan tukuna. Ba a kori kowa ba. Kamfanin ya kai kansa kotu a kan karyewar arziki ran 8 ga Disamba, kwana ɗaya tak kafin kamun. Har ila yau jaridar ta sami labarin binciken tun da wuri, masu gabatar da ƙara suka roƙe ta ta dakata kada a yi ɓarin aiki, ta dakata na wani lokaci. Wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne ga mai sayar da labari, musamman wanda aljihunsa ya huje.

Da labari ya fashe, gidajen watsa labarai na ƙasar suka rabu gida biyu, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Masu jingina ga jam'iyyar Rifablikan, irin su masu sharhi na talabijin ɗin Fox News da masu dogon surutu a rediyo, suka kama sunan Obama suka riƙe: garinsu ɗaya da Gwamna, jam'iyyarsu ɗaya, yaya za a ce bai san kome ba? Suka kuma yi ƙorafi cewa waɗansu kafofin suna nauyin bakin faɗin jam'iyyar Gwamna, da ɗan Rifablikan ne da an sa ta a kanun labari. Masu jingina ga Dimokurat, irin su masu sharhin dare na MSNBC, suka mai da al'amarin haukan mutum ɗaya, wanda bai shafi kowa ba sai shi.

Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, kowane kuwa ya ɓoye wani abu. Gaskiya ne babban hadimin Obama, Rahm Emanuel, ya yi magana da ofishin Gwamna a kan waɗanda suka dace da kujerar, rahoton da mutanen Obama suka fitar ran 23 ga Disamba ya amsa haka. Amma babban mai gabatar da ƙara, Patrick Fitzgerald, ya faɗa tun ranar kamu cewa takardar tuhuma ba ta zargi Obama da kome ba, kuma cikin maganganun da aka ɗauka an ji Gwamna yana zage-zage domin mutanen Obama ba su da abin ba shi sai godiya. Mai sauraron ɓangare na farko kaɗai ba zai ji nauyin wannan ba. Mai sauraron na biyu kaɗai kuwa ba zai ji an tsananta tambayar da ta fi zafi ga Dimokurat ba, ita ce: don me ba a karɓe alƙalamin daga hannun Gwamna ba? Da fari manyansu sun ce a yi dokar zaɓe na musamman, jama'a su cike gurbin da kansu. Da suka hango kujerar tana iya faɗawa hannun Rifablikan, sai majalisar Jiha, wadda su ke da rinjaye a cikinta, ta tashi ba ta yi dokar ba. Izinin naɗi ya zauna inda ya ke.

Dattawan Dimokurat hamsin sun rattaba hannu a wasiƙa cewa Gwamna ya sauka, kada kuma ya kuskura ya naɗa kowa. Shi kuwa ba a tsige shi ba, kotu ba ta yanke masa hukunci ba, saboda haka a idon doka Gwamna ne cikakke. Ran 30 ga Disamba ya tara 'yan jarida ya gabatar da Roland Burris, dattijo mai shekara 71. Zaɓen nan da wayo a cikinsa. Burris shi ne baƙar fata na farko da aka taɓa zaɓa a muƙamin da ya game Jihar duka, a 1978. Ya yi shekara 12 yana duba kuɗin Jiha, ya yi huɗu yana Babban Lauyanta, sunansa kuwa bai fito cikin takardar tuhuma ba. Obama shi kaɗai ne baƙi a Majalisar Dattawa, da ya fita ba saura ko ɗaya. A wurin taron wani wakilin Shikago mai suna Bobby Rush ya hau mumbari ya roƙi jama'a kada su rataye wanda aka naɗa saboda laifin wanda ya naɗa shi. Kalmar rataya tana da nauyi a can, domin tana tuna wa mutane zamanin da gungun fararen fata su ke kashe baƙaƙe ba da shari'a ba. Daga wannan sa'a maganar rashawa ta koma gefe, maganar launin fata ta cika jaridu, ko da ya ke Sakataren Jiha da ya ƙi sa hannu a takardar naɗin, Jesse White, shi ma baƙi ne.

Ran 6 ga Janairu, 2009, Burris ya isa ginin Majalisa a Washinton da takardarsa. Sakatariyar Majalisa ta ce takardar ba ta cika ba, sa hannun White babu. Ya fito ya tsaya cikin ruwan sama, laima bisa kansa, masu ɗaukar hoto sun kewaye shi. Hoton nan ya yi aikin da hujjojin lauyoyi ba su yi ba. Malaman shari'a dai sun rabu a kan mas'alar. Waɗansu suka kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 1969 a kan Adam Clayton Powell, wanda ya ce Majalisa ba ta da ikon hana kujera ga wanda ya cika sharuɗɗan shekaru da zama ɗan ƙasa da zama a Jiha. Waɗansu suka ce Majalisa ita ce alƙalin sahihancin zaɓen 'ya'yanta, suka tuna Frank Smith, shi ma ɗan Ilinoi, wanda Gwamna ya naɗa a ƙarshen 1926 Majalisa ta ƙi rantsar da shi saboda kuɗin da ya karɓa lokacin neman zaɓe. Tambayar ita ce ko ruwa mai kyau yana zama mai kyau in ya biyo ta ƙazamin indararo.

Ba a kai ga warware ta ba. Ran 9 ga wata Kotun Ƙolin Jiha ta ce naɗin ya inganta ko ba sa hannun Sakatare. Shugabannin Dimokurat, Harry Reid da Dick Durbin, suka lashe amansu, ran 15 aka rantsar da Burris. Majalisar Wakilan Jiha kuwa ta riga ta tuhumi Gwamna da ƙuri'a 114, ɗaya rak ya ƙi. Da aka fara shari'ar tsige shi, maimakon ya zo ya kare kansa sai ya tafi birnin Niu Yok yana bin gidajen talabijin ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suna maraba da shi domin yana tara musu 'yan kallo. Sai ranar ƙarshe ya zo ya yi jawabi. Ran 29 ga Janairu aka tsige shi da ƙuri'a 59, ba wanda ya tsaya masa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sharaɗin da aka sa wa Burris shi ne ya yi rantsuwa gaban kwamitin majalisar Jiha cewa ba ciniki tsakaninsa da Gwamna, ya kuwa yi. Da kujera ta tabbata, sai cikin Fabrairu ya aika wata takardar rantsuwa a asirce, yana gyara maganarsa: ashe ɗan'uwan Gwamna ya neme shi har sau uku a kan tara kuɗi. Masu tsawa a talabijin ba su ne suka tono wannan ba, jaridar gari ce, Chicago Sun-Times, ta samo takardar ta buga. Chicago Tribune da Washington Post suka ce ya sauka, ya ƙi. Jaridu suka shiga yi masa ba'a da kushewar da ya gina wa kansa tun yana da rai a wata maƙabarta ta Shikago, an sassaƙa jerin muƙamansa a jikin dutse, an bar fili domin abin da zai zo. Ba a sami shaidar ya biya ko kwabo ba, lauyan gwamnati bai tuhume shi da rantsuwar zur ba, amma a Nuwamba 2009 kwamitin ɗa'a na Majalisa ya rubuta masa wasiƙar gargaɗi a bainar jama'a saboda maganganunsa masu karo da juna.

Duk da haka ƙuri'arsa ta shiga lissafi kamar ta kowa. Ran 24 ga Disamba, 2009, dokar kula da lafiya ta Obama ta wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 60, adadin da a ke bukata ke nan kafin a iya rufe muhawara, ɗaya daga ciki kuwa ta Burris ce. Zaɓen da Dimokurat suka guje wa ya zo a Nuwamba 2010, Mark Kirk ɗan Rifablikan ya cinye kujerar.

Blagojevich kuwa a 2011 aka same shi da laifi 17, aka ɗaure shi shekara 14. Yana kurkuku, matarsa ta dinga fitowa a Fox News, tana roƙon Shugaba Donald Trump, wanda ya san mijinta tun wani wasan talabijin da suka yi tare a 2010. A Fabrairu 2020 Trump ya rage masa wa'adi aka sake shi bayan kusan shekara takwas, a Fabrairu 2025 kuma ya yafe masa laifin ɗungum.