Bashi da tsohon kamu: Yadda Amurka ke auna ma'aikaci kafin ta ba shi amanar sirrinta

A watan Afrilun 1985, wani jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA mai suna Aldrich Ames ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet da ke Washington, ya nemi dala 50,000 a madadin bayanan sirri. Bashi ne ya yi masa katutu bayan mutuwar aurensa. Kafin a kama shi a 1994, Sobiyet ta kashe aƙalla mutum goma da ya tona asirin cewa suna yi wa Amurka aiki. Irin wannan ne ya sa gwamnatin Amurka ke bin diddigin aljihun ma'aikaci kafin ta ba shi izinin ganin takardun sirri.

Duk mai neman wannan izini sai ya cike takardar SF-86. Tana tambayarsa ko a cikin shekara bakwai da suka gabata ya taɓa wuce kwana 120 bai biya wani bashi ba, ko ya ƙi biyan haraji, ko kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Tana kuma tambaya ko an kama shi a cikin waɗannan shekaru. Manyan laifuka kuwa, da waɗanda suka shafi makami, giya ko ƙwaya, ana son a faɗe su komai daɗewarsu. Tun daga 2019, hukumar DCSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro ce ke gudanar da mafi yawan binciken.

Ana yanke hukunci ne bisa ƙa'idoji 13 da suka fara aiki a watan Yunin 2017. Ƙa'idar da ta shafi kuɗi ita ce ta fi kayar da masu nema a shari'o'in da ake ji a ofishin sauraron ƙararraki na ma'aikatar tsaro. Sai dai ba a ƙayyade wani adadin bashi da ke hana izini ba. Abin da ake aunawa shi ne dalilin bashin da yadda mutum ya ɗauke shi. Wanda rashin lafiya, rasa aiki ko rabuwar aure suka jefa cikin bashi, amma ya zauna da masu binsa, ya tsara biya kuma yana cikawa, yana iya tsallakewa. Wanda caca ta cinye shi, ko ya yi biris da wasiƙun masu bashi, zai sha wuya. Dukiyar da ba a san asalinta ba ita ma abar tuhuma ce.

Haka batun kamu yake. Kamu ɗaya a ƙuruciya kan ƙaramin laifi, wanda shekaru suka shuɗe ba a maimaita ba, ba ya rufe ƙofa. Ana duba girman laifin, daɗewarsa, da shaidar cewa mutum ya gyara hali. Amma wanke mutum a kotu bai hana masu bincike duba abin da ya faru ba. Wata doka ta 2008 ta hana wanda aka yanke wa ɗaurin fiye da shekara ɗaya, kuma ya yi aƙalla shekara a gidan yari, shiga wasu matakan sirri mafi tsanani sai da sassauci na musamman.

Babban rami shi ne ɓoyewa. Takardar na buƙatar a bayyana kamu ko da kotu ta share shi daga kundinta, in ban da ƙalilan da doka ta keɓe. Yin ƙarya da gangan laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. Kuma abin da mutum ke tsoron a sani, shi ne igiyar da maƙiyi zai ja shi da ita. A shari'ar Egan ta 1988, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa babu wanda ke da haƙƙin samun wannan izini, kuma inda shakka ta shiga, tsaron ƙasa ake fifitawa.

Ma'aikatan tarayya a Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Dokokin aikin gwamnati sun lissafa karyewa da mummunan nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifukan aiki. Hukumar DSS kan tantance waɗanda za a naɗa manyan muƙamai, kuma rahotonta ne Majalisar Dattawa ta kafa hujja da shi lokacin da ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC a 2016 da 2017. A ƙarƙashin dokar 2017 kan rahoton bashi, tarihin rancen mutum na ajiye a cibiyoyin da Babban Banki ya ba lasisi. Don haka hadimi ko ma'aikacin da ke sa ran ɗaukaka gara ya nemi rahotonsa tun yanzu, ya daidaita da masu binsa a rubuce, ya adana rasit da takardun kotu, ya kuma faɗi gaskiya kafin a binciko ta.