TOCILA MAI CAJI: YADDA ZA A ZAƁI MAI ARAHA DA BATIRIN DA YA DACE DA ITA

GABATARWA

Babu gidan da ba ya bukatar haske da dare. Ɗan makaranta mai bitar karatu, da ungozomar da aka tasa tsakar dare, da maigadi, da makiyayi mai zagaya garke, da mai shayi a bakin titi, kowannensu tocila ce abokiyar aikinsa. A birane akan ɗauke wutar lantarki ba tare da sanarwa ba, a ƙauyuka da yawa kuwa wutar ba ta kai ba tukuna. Wannan ya sa tocila mai caji ta cika kasuwanninmu, tun daga Sabon Gari ta Kano har zuwa Alaba ta Legas.

To, amma jama'a suna kokawa da cewa tocilar ba ta ƙarko. Mutum zai saya yau, kafin damina ta zagayo ta daina riƙe caji, sai ya yar ya sayi wata. Waɗansu ma sukan yi zafi su kama da wuta. Akasarin wannan asara daga batir take tasowa. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, domin a nuna wa mai saye cewa batir shi ne ran tocila, kuma shi ya kamata a fara dubawa kafin a dubi launi ko ƙyalli.

ƘWAN TOCILA DA MA'AUNIN HASKE

Tocilar da iyayenmu suka sani tana da ƙwai mai siririyar waya a ciki, wadda take yin ja don zafi sa'an nan ta ba da haske. Irin wannan ƙwai yana shan batir ƙwarai, kuma yana saurin mutuwa. Tocilar zamani tana amfani da ƙwan da ake kira LED. Masana uku 'yan asalin Japan, watau Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka samo hanyar yin shuɗin LED wanda ya buɗe ƙofar farin hasken da ake gani yau, har aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2014. Wannan ƙwai yana cin wuta kaɗan, kuma yakan yi shekaru bai mutu ba. Ke nan idan tocila ta lalace, da wuya a ce ƙwan ne.

Ana auna yawan haske da lumen. Domin a gane girman wannan ma'auni, tsohon ƙwan lantarki na ɗaki mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Mai karatu ko mai aikin cikin ɗaki, lumen 50 zuwa 100 ya ishe shi. Mai zagaya gida ko gona, lumen 200 zuwa 500 ya wadatar. Idan aka ga ƙaramar tocila wadda ba ta wuce tafin hannu ba an rubuta a kwalinta cewa tana ba da lumen 100,000, to, a sani ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya yi ƙarya a kan haske kuwa ba zai faɗi gaskiya a kan batir ba.

Har wa yau, ya fi kyau a zaɓi tocila mai matakan haske biyu ko uku. Ƙaramin haske shi ne na aikin yau da kullum, domin yana sa caji ɗaya ya kwana da yawa. Babban haske kuwa sai bukata ta taso.

BATURA IRI UKU

Baturan da ake samu a cikin tocila mai caji iri uku ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne batirin dalma. Shi ne ɗan akwatin nan mai nauyi da ke cikin manyan tocilolin roba masu araha, waɗanda ake soka su kai tsaye a soket. Ƙanen batirin mota ne, ƙarfinsa kuwa yawanci bolt 4 ne ko 6. Ba shi da tsada, amma yana da babban aibu guda: idan cajinsa ya ƙare aka bar shi haka makonni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin faifan dalmar da ke ciki, daga nan ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba. Shi ya sa tocilar da ta daɗe a shago ba a saya ba takan iso gida da rabin ranta.

Na biyu shi ne batirin nikel, wanda ake rubuta NiMH a jikinsa. Girmansa ɗaya da ƙananan baturan nan na AA da AAA da ake sa wa rediyo da agogon bango, ƙarfinsa bolt 1.2 ne. Ana cire shi a yi masa caji a cajarsa ta musamman. Amfaninsa shi ne, ranar da babu wuta, ana iya sa wa tocilar busasshen batir na kanti ta ci gaba da aiki. Akwai irinsa wanda ba ya saurin zubar da caji a ajiye, kamar Eneloop da kamfanin Sanyo ya fitar a shekarar 2005. Wannan ya dace da mazauna karkara da matafiya.

Na uku shi ne batirin litiyom, irin wanda ke cikin wayar hannu. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a shekarar 1991. Wanda aka fi sa wa tocila shi ne mai lamba 18650, ma'anar lambar kuwa ita ce kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ƙarfinsa bolt 3.7 ne, yakan kai 4.2 idan ya cika. Ya fi sauran biyun riƙe wuta da rashin nauyi, kuma mai kyau yakan jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ya yi rauni. Sai dai yana bukatar kulawa, domin idan aka wulaƙanta shi yana iya kamawa da wuta.

Akwai gargaɗi biyu da ya wajaba a riƙe. Na ɗaya, busasshen batir na kanti mai bolt 1.5 ba a yi shi don caji ba. Wanda ya sa shi a caja yana iya tsiyaye ko ya fashe. Na biyu, akwai batirin litiyom mai lamba 14500 wanda girmansa ɗaya da AA, amma ƙarfinsa ya ninka na AA fiye da sau biyu. Idan aka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba, nan take zai ƙone ta.

YADDA AKE KARANTA LAMBOBIN JIKIN BATIR

Lambobi biyu ne muhimmai. Wadda ke da harafin V ita ce ƙarfin batir, kuma tilas ta dace da abin da aka rubuta a jikin tocila. Wadda ke da haruffan mAh ita ce yawan wutar da batir ke iya ɗauka, kamar yadda ake auna randa da yawan tulun da take ci. Alal misali, batir mai mAh 3,000 a cikin tocilar da ke jan mA 500 zai yi kimanin sa'a 6. Idan aka rage hasken ta koma jan mA 100, zai kusan kai sa'a 30.

A nan ne masu jabu suka fi cutar jama'a. Batirin 18650 na gaskiya, daga manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG, yawanci yana tsakanin mAh 2,000 da 3,500. Duk wanda aka rubuta masa 6,000 ko 9,900, jabu ne, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai rabin na gaskiya ba. Nauyi ma shaida ne. Na gaskiya yana da kimanin giram 45. Wanda aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar kara, a ajiye shi. Haka nan batirin nikel na AA, na kirki yana tsakanin mAh 1,900 da 2,500 ko sama kaɗan.

Waɗansu baturan litiyom suna ɗauke da 'yar na'urar kariya a gindinsu, wadda take yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa ainun. Su ne suka fi dacewa da gida. Sun ɗan fi sauran tsawo, saboda haka a gwada a tabbata marfin tocila yana rufuwa kafin a biya.

ABIN DA ZA A DUBA A SHAGO

1. A tambaya ko wane irin batir ne a ciki, kuma ko ana iya cire shi a sauya. Tocilar da aka liƙe batirinta, ranar da ya mutu ita ma ta mutu.

2. A kunna a kashe sau da yawa, a girgiza ta tana kunne. Idan hasken yana ƙyaftawa, haɗin ciki ba shi da kyau.

3. A buɗe mazaunin batir a duba. Tsatsa ko farin gari a jikin ƙarfen alama ce ta tsohon kaya.

4. A sa ta a caji a gaban mai shago. Tocila ta gari tana da 'yar fitila mai sauya launi idan caji ya cika. Wadda ake yi wa caji da igiyar USB irin ta waya ta fi sauƙi, domin ana iya cika ta da cajar waya ko ƙaramin faifan hasken rana.

5. A duba ko akwai zoben roba a bakin marfi. Shi ke hana ruwan sama da ƙurar hunturu shiga. Alamar IPX4 tana nufin tana jure fantsamar ruwa, amma ba a tsoma ta a ciki.

6. A duba sunan kamfani da adireshinsa a kwali, kuma a karɓi rasit.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayi tocila mai liƙaƙƙen batir sau huɗu cikin shekara biyu ya fi kashe kuɗi a kan wanda ya biya ninki biyu sau ɗaya, sa'an nan ya riƙa sauya batir kaɗai.

CAJI DA AJIYA

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma takan hau ta sauka, musamman lokacin da aka dawo da ita ko aka tada janareta. Ya kamata a dakata kaɗan wuta ta daidaita kafin a soka tocila. Da zarar ta cika a cire ta, domin masu araha da yawa ba su da abin da ke yanke caji da kansa.

Kada a yi caji a kan katifa, ko ƙarƙashin matashin kai, ko kusa da jarkar fetur da kananzir. Kada a bar tocila a rana ko cikin rufaffiyar mota, domin zafin da ya wuce digiri 45 yana cutar da batirin litiyom lokacin caji. Kada a zuba batir tsirara a aljihu tare da makulli ko kwabbai. Ƙarfe yana haɗa kansa da gindinsa ya haifar da wuta. Kada a gauraya sabo da tsoho, ko iri biyu, a tocila ɗaya. Kowane iri kuma da cajarsa.

Batirin dalma yana son a cika shi da zarar an gama aiki, kuma a sake cika shi duk wata ko da ba a yi amfani da shi ba. Na litiyom kuwa, idan za a ajiye shi tsawon lokaci, ya fi son a bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi. Batirin da ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko yake zafi fiye da kima, a daina aiki da shi nan take. Idan ya fara hayaƙi, a kashe soket, a nisantar da yara, a rufe shi da yashi, kada a shaƙi hayaƙin.

IDAN BATIR YA MUTU

Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an gani ba. Ƙasar nan ta ga illarta a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan. Saboda haka kada a fasa batir, kada a ƙone shi a juji, kada a jefa shi a rijiya ko kududdufi. A tara matattun batura a busasshen wuri, a liƙe kan na litiyom da salatif, a miƙa su ga masu tara su don sake sarrafawa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a shekarar 2007, ita ke sa ido a kan irin wannan shara. Ƙananan batura masu kama da maɓallin riga kuwa, idan yaro ya haɗiye ɗaya, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

HAƘƘIN MAI SAYE

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, tun shekarar 1971, kuma tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Akwai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar shekarar 2018 ta ɗora wa alhakin kare haƙƙin masu saye. Duk wanda aka sayar wa jabun kaya yana da ikon komawa wurin mai shago da rasit ɗinsa ya nemi a sauya masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Idan aka ƙi, sai ya kai kuka ofishin ɗaya daga cikin hukumomin nan mafi kusa da shi. Yin shiru shi ke ƙara wa masu jabu ƙarfin gwiwa.

KAMMALAWA

Mai neman tocila mai araha ya riƙe abu huɗu: batir mai sauyuwa, lambobi na gaskiya, caja da ta dace, da rasit a hannu. Ana roƙon malamai da masu unguwanni da shugabannin kasuwa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, domin kuɗin talaka ya daina salwanta, gidaje kuma su tsira daga gobara.